Kada Ka Gyara Yau

A rumfar mai gyaran waya, wata mata ta ajiye wayar 'yarta a kan tebur, ta rage murya.

"Malam, gilashin ne ya fashe. Amma kada ka gyara yau, ka ce sai gobe."

"Hajiya, aikin minti ashirin ne fa."

"Na sani. Wani labari ta rubuta wa masu haɗa wasan waya, yana ciki, kuma yau da la'asar za su rufe karɓa. Wata huɗu tana abu ɗaya, wai ko sisi ba za su ba ta ba. Sunanta kawai za su sa. Ana cin suna ne?"

"Ni dai ko murfin waya ba na buɗewa kyauta. Labarin mene ne?"

"Oho mata. Wai wata ungozoma ce ruwa ya tare wa hanya, mai wasan ne zai zaɓa mata inda za ta bi. Ƙarshe har uku, ka taɓa ji? In ka bi gada, ta makara. In ka shiga kwalekwale, jakarta ta faɗa ruwa. Na ce fisabilillahi, baiwar Allah za ta je wurin mai naƙuda, ki jefar mata da jaka? Sai da ta gyara wurin."

"Na ukun fa?"

"Ta ƙi gaya mini. Wai sai wasan ya fito in buga da kaina."

"To in ba ta tura yau ba, zai fito?"

Matar ta ɗaga kai ta dubi agogon bango.

"Minti ashirin ka ce, ko?"