Addu'ar da Ta Tona Asirin Gidanmu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Rahila, daga Malali.

Ina digiri na biyu ne a fannin haƙƙin ɗan Adam da dokokin aikin likita. Kun san a kan me nake bincike? Haƙƙin mara lafiya ya san ciwon da ke damunsa. Ni da nake tsayawa a aji ina ta ɗaga murya a kan haka!

To, sai na ji ƙullutu a nono, aka yi gwaji. Ranar karɓar sakamako likita ya ja maigidana Bitrus waje, ni aka bar ni zaune kamar jakar cefane. Ya dawo yana murmushi, ya ce, "Ba komai ba ne, Maman Ishaku, zai baje."

Ashe shi da yayana sun ƙulla cewa kada a gaya mini sai na gama karatu, wai kada hankalina ya tashi. Haba! Abu yana girma a jikina, su suna lallaɓa hankalina. Ina shiga falo sai a yi tsit. Na tambaya har na gaji, kowa sai "da sauƙi". Raina ya ɓaci ƙwarai.

Wata safiya na durƙusa na ce, "Ubangiji, ban ma ce ka warkar da ni tukuna ba. Mutum ɗaya kawai ka aiko, mai faɗin gaskiya."

Da yamma sai ga Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, daga Unguwar Dosa. An ja mata kunne tun daga ƙofa. Ta gaishe ni, ita ma "da sauƙi". Amma da ta rufe ido ta fara addu'a, sai ta kwarara murya: "Uba, ka tumɓuke wannan ciwon daji daga nonon 'yarka!"

Na buɗe ido. Bitrus ya sunkuyar da kai.

Mama ta juya ta ce masa, "Ɗana, zan iya ɓoye wa Rahila. Allah kuma fa? In ce masa maruru ne?"

Washegari na koma wurin likitan da ƙafata. Ya dubi hoton ya ce da mun ƙara jinkiri, da aikin ya wuce tiyata. Aka yi, ga ni yau a gabanku. Halleluya!

Bitrus na yafe masa, ko da yake har yanzu yana shan lacca.

Na gode wa Allah. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma don Allah, in jikin mutum ne, ku gaya masa.