Tsohon da Aka Bayar Gyara

A bencin jira na garejin bakanike, wani wakilin inshora ya zauna kusa da wani dattijo da bai sani ba, bakinsa kuwa ya ƙi rufuwa don murnar cinikin da ya ƙulla.

"Baba, abokin sana'ata ne ya yi ritaya, ya sayar mini da mutanensa kaf."

"Mutane kuma? Ashe har yanzu ana sayar da su?"

"Sunayensu da lambobin wayarsu, Baba. In suka sabunta inshorarsu a hannuna, na ci abinci. In suka watse, na shiga uku. Har gyara ya yi mini."

"Gyara, kamar a cinikin tumatir?"

"Wani tsoho ne mai ƙorafi a kan fitilar baya, da tsohuwar motarsa shuɗiya. Ya ce in ɗauke shi kyauta, shi dai ya huta."

Dattijon ya ɗaga sandarsa a hankali, ya nuna motar da bakanike ke kwance a ƙarƙashinta. Shuɗiya ce. Wakilin ya yi maza ya rusuna, domin ya san bakin tsoho ɗaya ya isa ya kore masa sauran.

"Baba, ka yafe mini. In kana so, sai in mayar da kai wurinsa."

Dattijon ya yi dariya har da share ƙwalla.

"Ina ka taɓa jin an mayar da gyara, ɗana? Matso kusa. Bari mu fara da maganar fitilar baya."