Sharar Filin Kokawa

A tashar Kusada, Nagoggo mai nono ta ga wani ɗan acaɓa ya yar da guntun taba gab da ƙwaryarta.

"Ɗan nan, ɗauke abinka."

"Haba Goggo, ni za ki koya wa tsabta? Mu muka share filin kokawar garin Ƙofa bayan an watse. Guntayen taba kaɗai sun cika buhu."

"Ina kuka kai buhun?"

"Burtali muka zazzage shi. Wa ke bi ta can in ba shanu ba?"

Nagoggo ta jima tana kallonsa.

"Maraƙina ya bi. Cikinsa ya kumbura, aka yanka shi, aka tarar da sharar taku a ciki." Ta rufe ƙwaryarta da faifai. "Amma filin ya yi kyau, na gani."