Hannun Habsa da Irin Gero

Ranar kasuwar Filinge, hadari na haɗowa gabas, wata matashiya mai suna Habsa ta tsuguna gaban tsohuwa mai saida irin gero, ta naɗe hannuwa cikin zane.

"Ɗiyata, sa hannu ki ji ƙwayar."

"A'a, Inna, kar in ɓata miki. Abin da na taɓa ba ya tsiro. Tun ina yarinya aka hana ni shuka."

"To wa zai zuba miki iri?"

"Shi nike nema tun safe. Maigidana, Turawan Faransa sun kai shi soja. Ƙanensa zai sari rami da sungumi, amma mai bin shi da iri babu. In ruwan ga ya wuce mu, bana ba mu da hatsi."

"Wace shekara kika shuka bai fito ba?"

"Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka."

"Na tuna ta. Shukar wa ta yi a garinku?"

Habsa ta bi gonakin garinsu a zuci.

"Ba ta kowa."

"Ni ma tawa ta ƙone, can garinmu Damana. Hannun naki har can ya kai?"

Iska ta taso. Habsa ta dubi hadarin, sannan ta nutsa hannunta cikin ƙwaryar irin.