Ruwan Da Na Kai Wa Majalisa

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Tanko, daga wani ƙauye kusa da Kurfi. Ban yi boko ba, telan kasuwarmu ya rubuta mani.

Bara aka tara kuɗin raya ƙasa, majalisar ƙauyenmu ta ce ofis mai kwano za ta gina. Na ce rijiya muke so, don ciwon kurkunu ya kwantar da 'ya'yana biyu da damina. Sai magatakarda ya ce, "Baba, yanzu a rubuce ake kawo kuka."

Ran zaman majalisa na ɗebo ruwan tafkinmu a ƙwarya, na aje gabansu. Na ce, "Ga abin da muke sha. Mai son ofis ya kurɓa." Magatakarda ya leƙa, ya kau da kai. Ba wanda ya taɓa. Da aka ɗaga hannu, rijiya ta ci.

Wata biyu ke nan muna jan ruwa garau. Ina gai da mahaƙan. Magatakarda har yau bai gaishe ni ba, amma kullum ga tulun gidansa a bakin rijiya. A faɗa mashi na yafe ruwan, maganar ce ban yafe ba.