Takardar Zama da Kunyar Ɗan Fari

Salamar Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Mai bishara ya ce in taƙaita. To, Malam Ayuba, ka dai san bakina. Zan yi ƙoƙari, amma ka daina duba agogon nan.

Saboda baƙinmu da suka zo daga Maraɗi, ni ce Rahila mai bandar kifi. Ba a nan aka haife ni ba. 'Yar ƙasar Malumfashi ce ni, can Nijeriya, aure ne ya ƙetaro da ni Madarumfa. Ga maigidana can bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, don ya san abin da zan tona.

Shi ɗan garin nan ne, nan aka binne cibiyarsa. Sai dai ɗan fari ne, kun kuwa san yadda ake yi. Ana yaye shi gwaggonsa ta ɗauke shi riƙo zuwa Jibiya. Can ya girma, can ya ji bishara ya karɓa, can aka ɗaura mana aure a majami'a. Da mahaifinsa ya rasu muka kwaso kaya muka dawo, ya kama garkar gidansu ta bakin tafki. A lokacin wa ke tambayar takarda? Da safe ka ƙetara iyaka, da yamma ka dawo, ba mai ce maka kanzil.

Sai yaƙi ya ɓarke a Nijeriya. Mutane suka yi ta kwararowa, jandarmomi suka fara tsare kowa suna neman takarda.

Wata ranar kasuwa ina zaune gaban kifina, ga goyo a bayana, sai ga wani jandarma tsaye a kaina. Ya ce, "Ke 'yar ina ce?"

Zan faɗi gaskiya yau, tunda gaban Ubangiji nake. Ƙarya na shara masa. Na ce, "'Yar Gabi."

Ya ce, "Madalla. Wace unguwa? Wane ne ubanki a can?"

Na yi tsuru-tsuru. Ni da ko hanyar Gabi ban taɓa bi ba! Ya tasa ni gaba har biro, wato ofishinsu, mutanen kasuwa na kallo.

Magatakardan da ke wurin bai yi mini tsawa ba, amma da ma tsawar ya yi. Ya ce matar ɗan ƙasa tana da hanyar samun takardar zama, har ma ta zama 'yar ƙasa daga baya. In kawo takardar aure, in kawo takardar haihuwar mijina mai nuna a nan aka haife shi. Ya ba ni wata guda. In ya cika babu, mota za ta sauke ni a bakin iyaka.

Takardar aure muna da ita. Ta haihuwa fa? Mutumin da aka haifa a bayan ɗaki, ina zai same ta? Aka ce sai mu je gaban alƙali a Maraɗi da masu shaida, shi zai rubuta.

Baffannin maigidana kuwa tun ranar suka yanke tasu. Suka ce in ta kama in tafi, in tafi, amma jikokin gida ba za su ƙetara ƙasar da ake yaƙi ba. 'Ya'yana uku, jama'a. Na ƙarshen ko zama bai fara ba.

Muka ɗauki wani dattijo abokin marigayin muka tafi. Da alƙali ya tambaye shi, sai bawan Allah ya ce, "Uban dai na san shi kamar yunwar cikina. Yaron kuwa, gaskiya, da gemunsa na fara ganinsa." Kai! Ji na yi kamar in shaƙe shi. Alƙali ya ce ungozoma fa? Ta rasu. Gwaggon da ta riƙe shi? Ta rasu. Uwa tana da rai? Aka ce tana nan. Ya ce to a kawo ta.

Nan gabana ya faɗi, don ni da surukata Inna Hajo ba ma ga maciji. Tun da muka dawo ban taɓa ganin ta dubi ɗanta ido da ido ba. In ya shigo ta ja mayafi. In za ta yi maganarsa sai ta ce "na Jibiya". Na san kunyar ɗan fari mana, ba Bahaushiya ba ce ni? Amma a raina na riga na yanke cewa tata ta wuce kunya. Na ce haushi take ji don ya bi Almasihu, ni kuma take ganin na riƙe masa ƙafa.

Ta dai bi mu Maraɗi. Alƙalin saurayi ne daga yamma, ba ya jin Hausa sosai, da tafinta yake aiki. Ya nuna maigidana ya ce a tambaye ta, wannan ɗanta ne? Mene ne sunansa?

Inna ta ja mayafi ta juya ta fuskanci bango.

Aka sake tambaya. Shiru. Aka yi ta uku. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "A tambayi dangin ubansa."

Tafinta ya yi ta ƙoƙarin fahimtar da shi cewa al'ada ce. Alƙali ya ajiye alƙalami ya ce shi ba ya rubuta shiru. Daga bakinta yake son ji. Ya ba mu zama ɗaya tak, mako mai zuwa, kuma washegarinsa watan da aka ba ni ke cika.

'Yan'uwa, abin da na yi a tasha, har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta buɗe. Na kwance ɗankwali na ɗaure ƙugu. Na ce, "Tsohuwa, hankalinki ya kwanta? Abin da kike nema ke nan, a kore ni ki samu ɗanki ki mai da shi masallaci! Wace irin uwa ce ke? Ko kaza ta san 'ya'yanta!" Maigidana na ja na, ina fizgewa. 'Yan kamasho da masu tuyar ƙosai duk suka taru. Ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta wuce ta hau wata mota dabam.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. In zauna ba dama, in tsaya ba dama. In ɗaure kayana, in kwance, in sake ɗaurewa. Na ɗora kifi a wuta na manta da shi har ya zama gawayi. Da na ji ƙugin mota, sai in suri jinjiri in faɗa cikin karan gero, alhali wa'adin ma bai cika ba. 'Yata Ladi ta zo za ta taɓa ni in daka mata tsawa, ta juya in jawo ta in rungume ina kuka. Yarinya ta rasa gane kaina.

Ga kuma wanda ko maigidana bai sani ba sai daga baya. Na je wurin wani mai magani a bayan gari, ya ba ni laya, wai in na ɗaura jandarma zai dube ni bai gan ni ba. Ni da nake jan waƙa a zumuntar mata! Na ɗaura ta a ƙugu ina zuwa sujada da ita. Ko kwana ɗaya ba ta ba ni natsuwa ba.

Ana saura kwana biyu mu koma gaban alƙali, da hantsi, Mama Saratu matar mai bishara ta shigo gidanmu. Ta dubi ƙunshin kaya, ta dube ni. Na sunkuya zan ba ta tabarma, igiyar layar ta leƙo. Hannu kawai ta miƙa. Na kwance na ba ta, ta jefa a murhu. Ta ce, "Ɗauko mayafinki."

Ta kai ni ɗakin sujada, wancan tsohon na kara da muke da shi kafin wannan. Ba kowa. Muka durƙusa.

Ta ce, "Rahila, kin yi ta roƙon takarda. Yau bar takarda. 'Ya'yan nan da kike tsoron rabuwa da su, ki danƙa su ga Mai su. Ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa."

Na ce, "Ya Ubangiji, ga Markus jinjirina, na ba ka." Hawaye suka zubo. "Ga Ladi, na ba ka." Sai na zo kan babban. Na ce, "Ga kuma... ga yaron nan."

Mama ta ce, "Wane yaro?"

Na buɗe baki, ya ƙi fita. Shekara tara da haihuwarsa, ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan".

Ta ce, "Allah fa kike gaya wa, 'yata. Ba kowa a nan."

Na sake gwadawa. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Yaron da in an ce in ba da raina dominsa ba zan tsaya tunani ba, ga shi daga ni sai Mahaliccina na kasa faɗin sunansa.

Nan Ubangiji ya buɗe mini ido. Wayyo ni! Abin da na kasa a ɗakin da ba kowa, shi na nemi tsohuwa ta yi a gaban baƙin maza, ɗan yana tsaye yana kallonta, bayan shekara talatin da wani abu tana riƙe da bakinta. Da ta kasa, na kira ta maƙiyiya a tasha. Na kife a ƙasa na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce, "Yesu, ka gafarta mini, ni ce mai laifi." Da kukan ya lafa na faɗi sunan yaron a hankali, na ba da shi. Na ce ko an kai ni iyaka, su naka ne. A wurin nan ne zuciyata ta fara zama wuri ɗaya.

Daga can ban biya gida ba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarzar wake. Na zube a gabanta.

Ta ce, "Tashi, kina ɓata zanenki."

Na ce, "Inna, na zage ki a bainar jama'a. Ban zo don takarda ba. Ki yafe mini."

Ta ci gaba da aikinta har na ɗauka ba za ta tanka ba. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin ce ban san ɗana ba. Ranar da aka aza shi a jaki za a tafi da shi, ana ta guɗa, ni aka ce in shiga ɗaki. Na zagaya ta bayan danga. Na bi su ina laɓewa a cikin sabara har sai da rana ta take, don kada a gan ni a ce ba ni da kunya. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na ce, "Inna..."

Ta ce, "Je ki, yara na jiran abinci."

Ba ta ce za ta je ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar zama muka biya gidanta da safe, ƙofa a rufe. Muka duba tasha, ba ta. Maigidana ya ce mu koma gida, me za mu je yi? Na ce mu dai je. Na shayar da Markus na hau mota.

Muna shiga harabar kotu sai ga ta zaune a gindin itacen bedi, da sabon zane. Ashe motar farko ta bi ita kaɗai.

Aka kira mu. Alƙali ya sake yi mata tambayar nan. Inna ta kai hannu ga mayafi, na ce shi ke nan. Sai na ga ta sauke shi har kafaɗa. Ta juyo ta dubi ɗanta, cikin ido. Ni ma yau zan faɗi sunan, ku yi mini afuwa, daga bakinta nake ɗauko shi.

Ta ce, "Sa'idu ne. Ni na haife shi, a Madarumfa, da kaka, ana yankan gero." Ta dubi tafinta ta ce, "Gaya masa ya rubuta da sauri. Ba zan maimaita ba."

Halleluya! Ƙaton mutumin nan da kuke gani, mai jan kwalekwale shi kaɗai, ya durƙushe a gaban alƙali yana kuka kamar yaro. Tafinta ma sai da ya share ido. Alƙali ya rubuta ya buga hatimi. Washegari na kai takardar biro, aka karɓa. Ba a kai ni iyaka ba. Ni na yaye Markus da hannuna, a ɗakina.

Inna ba ta sake faɗin sunan ba har Allah ya karɓi abinsa. Da sallarta da carbinta ta rasu, kuma a cinyata ta cika. Amma har yau, in muna zaune mu biyu, maigidana yakan ce, "Rahila, ranar nan kuka ya toshe mini kunne. Yaya ma ta faɗe shi?" Sai in faɗa masa yadda ta faɗa.

Na gode wa Yesu da ya bar ni da 'ya'yana, na kuma gode masa da ya fara gyara ni kafin ya gyara takardata. Ke da ke zaune nan zuciyarki na kai da kawo, kai da wa'adi ya matso maka, kada ku bi hanyar da na fara bi. Ku durƙusa ku ba shi abin da kuke tsoron rasawa, ku kira shi da sunansa. Yana ji. Amin.