Irin Tattasai Cikin Kwanson Harsashi

A tashar Diffa, Khalilu, wani ɗan kasuwa daga Damagaram, ya hango kwanson harsashi rataye a wuyan tsohuwar da ke zaune kusa da shi.

"Iya, wannan na zamanin Nasara ne. Akwai masu tara irinsa, da tsada suke saye. Ki sayar mini mana."

"Ba ka tsoron ya tashi da kai?"

"Ina! Albarushi ne ke kamawa da wuta, ya tura kan harsashin waje. Kai ya tafi, kwanso ya zauna. Wannan fanko ne, ba komai ciki."

Tsohuwa ta zare tsumman da ta toshe bakinsa da shi, ta zazzage a tafin hannunta. Irin tattasai ne.

"Na gonar maigidana ne a Barwa. Ranar da mahara suka shigo garin muka gudu, shi ya rataya mini, ya ce in yi gaba, yana tafe."

"Ya iso?"

"Ai kai ma ka faɗa, ɗana. Kai ya tafi, kwanso ya zauna."

Khalilu ya sa hannu biyu ya kare mata tafin.

"Maida su, Iya, kar iska ta kwashe."